Hannun Hagun Rigar Wolter

Wolter ya mutu da safiyar Talata, kuma ya mutu yadda ya rayu, wato bai ce wa kowa komai ba. Matarsa Gezina ta shigo masa da gahawa ta tarar ya riga ya tafi. Ta ajiye kofin a bakin taga, ta rufe masa ido, ta tsayar da agogon bango, ta lulluɓe madubi da tawul, sannan ta zura takalman katako ta tsallaka gona don ta gaya wa maƙwabciyarta Dika.

A wajenmu nan yankin Twente, in aka yi mutuwa, gida ya fita hannun masu shi sai bayan an binne. Maƙwabta ne ke yi wa gawa wanka, su ke zuwa wurin kafinta da fasto, su ke yanka burodin zabibi, har su nuna maka inda za ka zauna a cikin ɗakinka. Aiki ɗaya tak ake bar wa matar mamaci, shi ne ta buɗe babban kabad ta fito da rigar ƙarshe. Duk amaryar zamanin su Gezina da irin wannan riga take shiga gidan miji, guda biyu, tata da ta ango, na farin lilin, ɗinkin hannunta, da harufan sunan mai rigar a ƙirji da baƙin zare. A sa sau ɗaya ranar aure, a wanke, a ninke, a tura can ƙarshen kabad, ba a ƙara taɓawa sai ranar da ba makawa.

Ta Gezina tana nan inda aka ajiye ta. Ta Wolter kuwa shekara talatin da huɗu ke nan ba ta cikin gidan, kuma a iya sanin Gezina ba wanda ya san haka a duniya sai ita.

"Sai ki fito mana da rigar," in ji Dika, tana ɗaura gyauton aiki. Mace ce mai jiki da saurin hannu, rabin mutanen da ke kwance a maƙabartarmu ita ta shirya su.

"Ku yi wankan tukuna. Akwai inda zan je in dawo."

"Yau ɗin? Mutumin ko sanyi bai gama yi ba, Gezina."

"To ina zai je? Kafin ƙarfe huɗu na dawo."

Gezina ta sa baƙar kwat ɗinta ta zuwa coci, ta ɗauki jakar cefane ba komai a ciki, ta tari bas ɗin ƙarfe goma.

A cikin bas ne abin ya dawo mata gaba ɗaya. 'Ya ɗaya Allah ya ba su, Fenna, ciwon maƙogwaro kuma ya ɗauke ta tana da shekara bakwai, a tsakiyar lokacin girbi. Ranar Asabar aka binne ta. Ranar Litinin da sassafe Wolter ya ɗauki lauje ya nufi gona, ya dawo da yamma ya ci dankalinsa ya kwanta. Gezina ta jira ya yi kuka, bai yi ba. Ta jira ya ambaci sunan yarinyar ko sau ɗaya, mako ya wuce, wata ya wuce, shiru. A kakar nan ne wani mutum ya riƙa zagaya gonaki a kan keke yana neman tsofaffin kaya, don basaraken ƙarshe na tsohuwar fadar nan da ruwa ya kewaye ya mutu bai bar magaji ba, aka mai da fadar gidan adana al'adun yankinmu. Wasu suka ba shi turmi, wasu mazari. Gezina ta taka kujera ta zaro rigar Wolter ta miƙa masa. Da ya tambayi sunan da zai rubuta, ta ce kar ya rubuta na kowa. A ranta kuwa cewa ta yi, mutumin da bai yi wa 'yarsa hawaye ba, a naɗe shi da buhun dankali ma ya ishe shi.

Ba nan abin ya tsaya ba. Wolter yana yaro ya faɗo daga saman rumbun ciyawa, hannunsa na hagu ya warke a gajarce, ya gaza na dama da faɗin yatsa uku. Mutum ne mai jin kunyar abin, ba ya son a lura. Ita kuwa tun rawar farko da suka yi ta lura, ba ta ce uffan ba. Tun daga rigar aure, duk rigar da ta shigo gidan, ɗinkin hannu ko ta kanti, sai ta faki idonsa ta rage hannun hagu da yatsa uku, ya sa ya ji daidai, ba ya tambaya. A kakar nan ta daina. Daga ranar, kowace safiya sai ta gan shi yana naɗe bakin hannun hagu sau ɗaya kafin ya fita. Fushin ya huce cikin 'yan shekaru, kamar yadda fushi ke yi. Amma ta ga in ta koma rage masa, ta amsa ke nan cewa da gangan ta bari, don haka ta ƙyale. Irin taurin kanmu ke nan, mukan riƙe shi har bayan mun manta daɗinsa.

Makon jiya, yana kwance, ya ce mata, "In abin ya zo, kar ki wahalar da kanki da hawa kabad. Shuɗiyar rigar nan sabuwa ta isa." Ta ji sanyi a ranta don asirinta ya rufu, ta kuma ji zafi don ga alama ɗinkin da ta yi wata biyu tana yi ko tunawa da darajarsa ba ya yi. Amma yau da ta rufe masa ido, sai ta ga ba za ta iya ba. Kunyar Dika na ciki, ba a musu. Abin da ya fi kunyar shi ne ta cuci mutumin, kuma wannan ce dama ta ƙarshe da za ta mayar masa da abinsa.

Da ta sauka, ƙafafunta suka bi da ita ta bayan fadar, ta 'yar gadar katako, zuwa ƙofar kicin. Tun tana 'yar shekara goma sha huɗu har ta yi aure a ɗakin wankin fadar ta yi aiki, kuma ba ta taɓa shiga ta wata ƙofa ba sai wannan. Ta tarar an garƙame ta, an liƙa kibiya mai nuna gaba. Dole ta zagayo ta hau babbar gadar dutse, wadda a da ko kallonta ba ta isa ta tsaya yi ba. Matan coci duk shekara sai sun zo nan yawon buɗe ido, ita kuwa duk shekara in ranar ta zo sai ta ce kanta na ciwo.

Wani tsoho mai hular aiki ne a bakin ƙofa, an rubuta Lambert a ƙirjinsa. Ya yanka mata tikiti ya ce, "Ki yi sauri, Inna, 'yan makaranta za su yi rawar takalman katako a tsakar gida."

"Na yi tawa rawar tuntuni. Ina kuke ajiye kayan mutuwa?"

"Sama, ƙofa ta uku. Matakalar da tsayi fa."

"Na san tsayinta. Da gwiwa na goge ta."

Ta wuce wata budurwa da aka sa wa hular kakanni tana kaɗi don baƙi su gani, tana riƙe da zaren kamar zai cije ta. Ta wuce dutsen gugar da ya taɓa ƙona mata wuyan hannu, yanzu an ɗora shi a kan jan ƙyalle an sa masa lamba. Duk abin da ta sha wuya da shi a rayuwa ga shi nan an share masa ƙura, mutane na sunkuyawa suna cewa abin sha'awa. Ba ta tsaya ba.

Ƙofa ta uku ɗakin barcin uwargidan fadar ne a da. Rigar tana tsakiyar ɗakin cikin akwatin gilashi, an rataye ta a jikin sanda hannuwa a buɗe, da wani dogon benci a gabanta. Farin ya koma ruwan madara. W da H, harufan Wolter Haarhuis, na nan a ƙirji da baƙin zare, ko ɗaya bai warware ba. Gezina ta fito da tabarau ta karanta katin da ke ƙasa. Rigar mamaci, ba a san wadda ta ɗinka ba. Hannun hagu ya gaza na dama, wataƙila kuskuren mai koyo ne.

"Mai koyo," ta ce a fili, ta ƙwanƙwasa gilashin da zobenta.

"Inna, don Allah ba a taɓa gilashin." Wata matashiya ce ta shigo da tarin makullai a ƙugu. Ta ce sunanta Annelies, ita ke kula da kayan sawa na fadar.

"To ke nake nema, 'yar nan. Rigar nan tawa ce. Ni na ɗinka, ni na bayar, yau kuma na zo karɓa. Mai ita ya mutu da safe."

Annelies ta yi mata gaisuwa yadda ya kamata, ta zaunar da ita a kan bencin, sannan ta shiga bayani a hankali, irin na masu ilimi in za su ce a'a. Abin da ya shiga littafin fada ya zama na jama'a. Ba ta da ikon fitar da ko maɓalli sai kwamiti ya zauna, kwamiti kuma sai ƙarshen wata.

"Ƙarshen wata. Ranar Juma'a za a sa shi a ƙasa. Ko in ce masa ya jira kwamiti?"

"Ban ce ba ki da gaskiya ba, Inna."

"Ban zo neman gaskiya ba, riga na zo nema."

Suna cikin haka tsohon nan Lambert ya iso yana haki, don tun da ta tambayi kayan mutuwa ya biyo ta a hankali. Ya tsaya a bakin ƙofa ya dubi rigar, ya dubi jakar da ke cinyarta, sai ya cire hularsa.

"Dogon nan ne ya rasu? Mai gajeren hannu?"

Gezina ta juyo. Shekara kusan hamsin ba ta taɓa jin wani ya faɗi wannan a fili ba.

"Ina ka san shi?"

"Inda kike zaune nan wurinsa ne," in ji Lambert. "Duk shekara, ranar kasuwar dawakai, ƙarfe sha ɗaya yake shigowa. Ya zauna, ya fito da burodi da cuku ya ci, alhali an hana ci a nan. Na gaji da hana shi. Shekarata ashirin da shida a ƙofar nan, wanda na gada ma ya ce haka ya san shi. Wai tun wani zuwa da ƙungiyar manoma ta yi, shekara ɗaya da buɗe wurin, ya ga rigar ya gane ta."

Kasuwar dawakai. Tun da suka sayi tarakta Wolter bai ƙara mallakar doki ba, amma bai taɓa fashin kasuwar ba. Duk shekara sai ta yi masa tsiya tana ƙunsa masa burodin, ta ce mutum ba doki ba jaki, me zai je yi, ko dawakan ne ke kewarsa? Shi kuwa ya sa hula ya fita.

"Ashe shi ne," in ji Annelies. "Ni ma ya taɓa tare ni a kan katin nan. Ya ce ba kuskure ba ne, a jikin mutum aka auna. Na ce ya faɗi wadda ta ɗinka in gyara, ya ce mai ita ba ta so a sani."

Gezina ta riƙe bakin bencin da hannu biyu. Ya sani ke nan. Ya san rigar ta tafi, ya san wa ta bayar, ya san yatsa ukun nan tun ranar farko, ya kuma san ranar da aka daina. Kowace safiya yana naɗe hannun rigarsa a gabanta, ya sani, ita kuma tana zuba masa gahawa tana jin ta iya ɓoyo.

"Me yake cewa in ya zauna?" ta tambaya.

"Da farko ba komai. Daga baya ya saba da ni. Yawanci zancen 'yarku yake yi. Fenna, ko? Mai wushirya, wadda ke ɓoye masa ƙwai a cikin takalmi."

"A gabanka ya faɗi sunanta?"

"Ba sau ɗaya ba."

"A gidana ko sau ɗaya bai faɗa ba."

Lambert ya juya hularsa a hannu. "Na taɓa ce masa, Baba, wannan zancen ai da uwar yarinya ya kamata ka yi. Ya ce ya gwada, sunan ba ya wuce maƙogwaronsa in kina ɗakin. Ya ce da ya zauna a gida makon nan, da bai tashi ba har abada, shi ya sa ya ɗauki lauje. Bayan nan kuma ya ga kin rufe ƙofa, bai san yadda ake ƙwanƙwasawa ba."

A tsakar gida 'yan makaranta sun fara rawarsu, takalman katako na bugun dutse, malamarsu na ƙirga musu. Gezina ta ji baƙin ciki irin wanda ba ta ji ba ko da safe da ta taɓa goshinsa ta ji sanyi. Ta kuma ji haushi, don ko a mutuwa ma sai ta bakin mai gadi mutumin nan zai yi mata magana.

"Akwai saƙo," in ji Lambert. "Bara da kyar ya hau matakalar, sau uku yana hutawa. Ya ce min, Lambert, wata rana wata 'yar tsohuwa mai kaifin baki za ta zo neman rigar nan, za ka gane ta. Ka ce mata ta bar ta inda take. A cikin rami ba mai ganin ɗinkinta, a nan kuwa mutane na tsayawa suna kallo."

"'Yar tsohuwa mai kaifin baki," Gezina ta maimaita.

"Haka ya ce, Inna. Ni ɗan aike ne."

Annelies ta laluba makullanta ta buɗe gilashin, ta ja baya. "Ki ɗauka in kina so. Ni zan ji da kwamitin."

Gezina ta miƙe. Ta sa hannu ta taɓa lilin ɗin da uwarta ta saƙa, ta bi ɗinkin wuya da babban yatsa, ƙanana ƙanana a jere, aikin idon 'yar shekara ashirin da uku. Ta kama bakin hannun hagu, ta ɗora yatsunta uku a inda tsawon ya ƙare. Ta daɗe a haka. Jakar cefane na buɗe a kan benci, ninki huɗu kawai rigar ke bukata ta shige. Amma shekara talatin da huɗu mutumin bai roƙe ta komai ba sai wannan, kuma sau biyu ya roƙa.

"Rufe," ta ce. "Kina da alƙalami? Cire wannan katin. Rubuta, Gezina Haarhuis ce ta ɗinka wa mijinta Wolter. Ki ƙara da cewa hannun daidai yake."

Ta fita ta babbar gada da jakarta yadda ta zo da ita.

Ƙarfe huɗu saura ta isa gida. Maƙwabta sun cika kicin, ana ta yanka burodi. Dika ta tare ta a ƙofar babban ɗaki, ta dubi jakar sau ɗaya.

"Mun sa masa shuɗiyar," ta ce. "Ba mu jira ba."

Wolter na kwance an taje masa gashi, an yi masa aski, hannuwansa a kan ƙirji. Rigar sabuwa ce fil, har da karin kanti a jikinta. Dika ta naɗe bakin hannun hagu sau ɗaya, daidai yadda ta saba ganinsa.

Gezina ta cire kwat, ta ɗauko kwandon ɗinki, ta jawo kujera kusa da shi. Ta warware naɗin, hannun rigar ya sauko ya rufe masa yatsu. Ta auna uku, ta sa almakashi.

"A jikinsa za ki yi?" in ji Dika a hankali.

"A jikinsa. Yau dai ya gani."

"To ki kula, kar hawaye ya ɗiga a kai. Kin san ba ya barin mamaci ya huta."

"Na sani. Ja min ƙofar."

Sau huɗu ta gwada kafin zaren ya shiga allura. Ta riƙe wuyan hannunsa mai sanyi a tafinta tana ɗinki, ƙanana ƙanana yadda idonta ya iya. In ta ji abin ya taso, sai ta kau da fuska wajen bango ta goge da kafaɗa, ta dawo ta ci gaba.

"Ba a takalminka kaɗai take ɓoye ƙwan ba," ta ce masa. "Fenna. Har a hular fasto ta taɓa sa ɗaya. Ban gaya maka ba, don na san za ka yi dariya a coci."

Ta ƙulle zaren ta cije shi. Allurar da ta ɗinka wa mamaci ba ta ƙara ɗinka wa mai rai, karya ta ake yi a sa masa. Yatsunta ba su da ƙarfin da, sai da ta danna ta a bakin kujera kafin ta karye, ta zura guntayen biyu a aljihun ƙirjinsa. Sannan ta gyara masa hannuwan, na dama a kan na hagu. Ta duba, ta sake, ta ɗora na hagun a sama inda kowa zai gani.